Bahago a Shagon Arzika

Tun ina ƙarami muciyar Inna Kuluwa
ta san bayan hannuna na hagu.
Na ci tuwo da dama don a ƙyale ni,
na riƙe alli da dama don mushe ya yi shiru,
amma in dare ya raba
yatsun hagu ne ke kiɗa a bakin tabarma.

Ran Litinin na sayar da jar akuyata da ɗanta,
na haɗa da guminna na facin taya,
jikka tamanin da biyar a ƙullin leda.
Kabu-kabu ya ɗauke ni daga Bagalam
ya sauke ni ƙofar Arzika, bayan Babbar Kasuwa.

Jita goma sha ɗaya a rataye
kamar kifin Gulbi da aka shanya.
Na ce, ina ta bahago?
Ya dube ni kamar na zo sayen ƙwan zakara,
sannan ya ce, biyu ce, kuma ƙura ta fi ka son su.

Ta farko ja, sabuwa fil, jikka arba'in,
tana ƙyalli har na ga haƙorana a cikinta.
Na rufe ido ɗaya na bi wuyanta da kallo
yadda magini ke duba azara:
ta karkace.
Tsirkiya can sama, itace can ƙasa,
yatsa sai ya yi tsalle kafin ya iso.
Na ɗaure murɗinta, ya saki,
na sake ɗaurewa, ya sake cin amana.
Araha dai ba ta ado.

Arzika ya ce, to ɗauki ta dama mai kyau,
mu juya mata tsirkiya, saba'in ka ba ni.
Na ce, maɓallanta su zauna ƙarƙashin damtsena,
wayarta ta riƙa sukata a haƙarƙari?
Shekara ashirin da shida ana juya ni, Arzika.
Ba zan biya kuɗi in juya wani ba.

Ta biyu baƙa ce, tsohuwa,
ta zo daga Kwatano tsakanin firij biyu.
Ɗari da ashirin.
Fentinta ya koɗe a wuri guda,
daidai inda wani hannun hagu
ya yi shekaru yana kai da komo.
Na ɗora nawa a gurbin. Ya zauna.

Yaron shago ya jona ta da amfili,
na ɗaga yatsa,
kuran ya ɗauke.
Fanka ta yi juyi uku ta tsaya tana kallonmu.

Arzika bai motsa ba. Ya ce,
kafa haɓarka a jikinta ka taɓa babbar tsirkiya,
itace ba ya jiran kuran kafin ya faɗi gaskiya.
Ja ta yi tari ɗaya ta mutu.
Baƙa ta shiga muƙamuƙina,
ta bi ƙashin baya ta sauka,
mai kurar ruwa ya zo ya wuce
ba ta gama maganarta ba.

Tamanin da biyar, na ce. Albarka, ya ce.
Na kai ƙofa, na dawo. Ya aika a kawo shayi.
Da kofi na uku muka tsaya ɗari da biyar,
ashirin bashi zuwa ƙarshen wata,
ba jaka, ba waya, amfili kuwa sai baɗi.

Na goyo ta a buhun shinkafa, a ƙasa,
don ko kuɗin kabu-kabu bai saura ba.
Inna ta dubi turken akuya, ta dubi buhu,
ta ce, wannan tana haihuwa?

Yanzu kowa ya kwanta.
Ina kaɗa ta a soro, muryarta ba ta fi ta sauro ba,
ina tunanin mai ita na farko,
ko shi ma an taɓa bugun hannunsa a bakin akushi.